FRED BROOKS: INJINIYAN DA YA AJIYE ƘIRA YA ƊAUKI ALLI

Idan aka ce tarihi a wajenmu, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne sarakuna da mayaƙa da malaman jihadi. Mu mutanen ƙasar Kabi kuwa abin ya fi yi mana yawa, don da wuya a zauna hirar da ba a ambaci Kanta da ganuwar Surame ba. A wannan ɗan rubutu ina so in kauce wa wannan turba, in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin wani Ba'amurke, injiniyan kwamfuta, mai suna Frederick Brooks, wanda aka fi sani da Fred Brooks. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, abu biyu ne. Na farko, wani hukunci da mutumin nan ya yanke a wajen aikinsa ya shafi haruffan da muke rubutu da su a kwamfuta har yau. Na biyu, ya rubuta littafi wanda, in aka lura, gardama yake yi da wani karin magana namu da muka ɗauka ba ya da ja, watau sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

An haifi Brooks ran 19 ga Afrilu, 1931, a garin Durham cikin jihar Karolina ta Arewa, ya kuma tashi a wani ɗan gari mai suna Greenville inda mahaifinsa yake aikin likita. Yana ɗan shekara 13 ya karanta labarin wata ƙatuwar na'urar lissafi da aka ƙaddamar a Jami'ar Harvard a 1944, abin ya shiga ransa bai fita ba. Ya yi digirinsa na farko a fannin fiziks a Jami'ar Duke, ya gama a 1953, sa'an nan ya wuce Harvard ya yi digirin dakta a 1956 a ƙarƙashin Howard Aiken, shi ainihin wanda ya tsara waccan na'ura da ya karanta labarinta yana yaro. A shekarar ce kuma kamfanin IBM ya ɗauke shi aiki.

Aikinsa na farko mai girma shi ne wata kwamfuta da ake kira Stretch. An yi alkawarin za ta fi wadda ta gabace ta sauri sau 100, amma da aka gama a 1961 ba ta kai ko rabin haka ba, har shugaban kamfanin, Thomas Watson ƙarami, ya rage kuɗinta daga dala miliyan 13.5 zuwa miliyan 7.78. Brooks bai daɗe da fita wannan ba ya sake shan ƙasa. An ba shi jagorancin wasu sababbin na'urori, wani babban ma'aikaci mai suna Bob Evans ya ce a soke su, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka bi ra'ayin Evans. Abin mamaki, shi Evans ɗin da ya kayar da shi, shi ne ya je ya nemo shi ya ɗora shi a kan sabon aikin da ya maye gurbin wanda aka soke. Wannan hali na Evans ya burge ni ƙwarai, don a wurare da yawa wanda ya yi nasara a gardama ƙoƙarinsa ya ga bayan abokin gardamarsa.

Sai mu duba ko wane irin aiki ne. A wancan zamani IBM tana sayar da kwamfutoci iri-iri, wasu na 'yan kasuwa da bankuna, wasu na masana kimiyya, kuma kowace da nata yaren. In kamfani ya sayi ƙarama, harkarsa ta bunƙasa ya so ya koma babba, dole a zubar da duk manhajar da aka rubuta a sake sabuwa daga tushe. Kamar a ce duk sa'ad da ɗalibi ya ci gaba zuwa wani aji sai an canja masa abacada. Shawarar da aka yanke ita ce a ƙera dangin na'urori guda, daga ƙarama har babba, duk su ji yare ɗaya. Aka sa musu suna System/360, domin da'ira digiri 360 gare ta, ma'ana na'urar za ta kewaye kowane irin aiki. Brooks ne manajan aikin, manyan masu zayyanar kuwa su ne Gene Amdahl da Gerrit Blaauw. Ran 7 ga Afrilu, 1964, aka bayyana wa duniya samfuri shida a rana ɗaya. Mujallar Fortune ta kira abin cacar dala biliyan biyar, kuma cacar ta ci, don shekaru da dama bayan haka IBM ce ke jan ragamar kasuwar kwamfuta a duniya.

A cikin wannan zayyana ne aka yi hukuncin da na ce ya shafe mu. Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, abin da ta sani kawai shi ne a kunne ko a kashe. Kowace ƙwaya ta kunne-ko-kashe ana ce mata bit, in an tara su ƙungiya guda don su wakilci harafi ko lamba sai a ce bayit. Yawancin na'urorin wancan lokaci bit shida suke ba kowane harafi. Bit shida kuwa gurbi 64 kaɗai yake bayarwa. In aka cire manyan haruffan Ingilishi 26 da alƙaluma 10 da alamomin rubutu, babu sauran wurin ƙananan haruffa. Shi ya sa takardun da tsofaffin kwamfutoci suka buga duk da manyan baƙaƙe suke, kamar mai yi wa jama'a tsawa. Amdahl, wanda hankalinsa ya fi karkata ga saurin lissafi, ya so a tsaya a kan shida. Brooks ya ce takwas, wanda ke ba da gurbi 256, maganarsa kuma ta zauna. Da yake na'urar ta mamaye kasuwa, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama yau in an ce bayit, takwas ake nufi. A wata hira da aka yi da shi a 2010, ya ce a duk hukunce-hukuncen da ya yanke a rayuwarsa ta aiki babu wanda ya kai wannan muhimmanci.

Amma fa kada mu yi saurin yi masa guɗa. Gurbi 256 ɗin nan ba a saka ɓ da ɗ da ƙ a ciki ba. Haruffan nan masu lanƙwasa tun a shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, amma da kwamfuta ta iso sai muka koma baya. Baki da baƙi suka zama abu guda, haka kafa da ƙafa, haka bari da ɓari. Malamanmu da suka rubuta kundayensu a wancan lokaci suna ba da labarin yadda ake buga shafi a gama, sa'an nan a bi shi da biro ana lanƙwasa kawunan haruffa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1990 ne Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda asalin fanninsa koyar da kimiyya ne, ya tsara wasu zubin haruffa masu ɗauke da lanƙwasa, ya sa musu suna Rabi'at da Abdalla, marubuta da masu ɗab'i suka sami sa'ida. Maganin dindindin ya zo ta hanyar tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991 da niyyar ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, da kuma dabarar UTF-8 ta 1992, wadda aka gina a kan bayit mai bit takwas ɗin nan na Brooks. A wannan tsari k bayit ɗaya take ci, ƙ kuwa biyu. Ashe har a cikin kwamfuta lanƙwasa tana da kuɗin haya.

To, mu koma ga Brooks. Ƙarfen na'ura ya yi kyau, saura uwar manhajar da za ta tafiyar da shi, wadda aka sa wa suna OS/360. A 1964 aka miƙa masa wannan aiki, a nan kuwa ya gamu da gamonsa. A lokacin da aikin ya kai ganiyarsa mutum fiye da 1,000 ne a kansa, kuma daga 1963 zuwa 1966 ya cinye abin da ya kai aikin mutum 5,000 na shekara guda cur. Duk da haka ya makara, ya ci kuɗi ninkin abin da aka ƙiyasta, ya cinye ma'ajiyar na'ura fiye da yadda aka tsara, sa'an nan bai daidaita ba sai da aka yi ta sake fitar da shi ana gyara.

Akwai wani labari da shi da kansa ya bayar wanda, a ganina, shi ne zuciyar tarihinsa. Ana bukatar a rubuta cikakken fasalin manhajar kafin a soma gina ta. Shugaban masu zayyana yana da ƙwararru 10, ya ce za su yi aikin yadda ya kamata amma sai sun ɗauki wata goma, watau an zarce wa'adi da wata uku. Shugaban masu ginin manhaja kuwa yana da mutum 150, ya ce a ba shi, zai gama a kan lokaci, in ba haka ba mutanensa za su zauna wata goma suna hamma. Na farkon ya yi gargaɗi cewa in aka ba taron nan, makarar wata ukun dai za a yi, aikin kuma ya fito da rauni. Brooks ya dubi mutum 150 zaune ana biyansu albashi, ya ba su. Aka makara da wata uku daidai, fasalin kuma ya fito kamar rigar da teloli da yawa suka yanka, rashin daidaiton nan ya bi aikin har ƙarshensa. Brooks ya ƙiyasta wannan kuskure nasa a miliyoyin daloli.

Tun a 1964 ya riga ya karɓi goron gayyatar Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill don ya kafa mata sashen kimiyyar kwamfuta, amma ya ƙara shekara guda a IBM saboda manhajar, sai a 1965 ya tattara ya koma gida. Da zai tafi, Watson ya yi masa wata tambaya: me ya sa sarrafa aikin manhaja ya fi sarrafa aikin ƙarfe wuya haka? Brooks bai da amsa a ranar. Shekara goma ya yi yana juya tambayar, yana koyarwa, yana tambayar waɗanda suka yi irin aikin a wasu wurare, sa'an nan a 1975 ya fitar da amsar a littafi mai suna The Mythical Man-Month. In za a ba da ma'anar sunan da Hausa sai a ce tatsuniyar auna aiki da yawan mutane da watanni.

Ga yadda na fahimci hujjarsa, da misalin abin da na tashi na gani a fadamar Gwadangaji. In shinkafa ta nuna aka kira gayya, abin da mutum shida za su yanka a kwana goma, mutum sittin za su yanke shi a yini guda. Dalili kuwa shi ne kowa da lauje da layinsa, ba ruwan wani da abin da na gefensa ke yi, wanda ya zo da hantsi ma ba sai an koya masa kome ba. Haka sun Argungu yake, dubban masunta su faɗa Matan Fada da homa da gora, kowa gabansa yake duba. A irin wannan aiki sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, babu ja. Manajoji sai suka ɗauka kowane aiki haka yake, suna musanya mutane da watanni kamar mai canjin kuɗi. Amma ita shinkafar nan, tun daga shuka har ta nuna, ko mutanen Birnin Kabi duka za su tsaya a kanta ba za ta rage kwana ɗaya ba. Akwai aikin da dole wani sashe ya jira wani.

Sa'an nan ga babbar matsalar, watau magana. Rubutun manhaja aiki ne da kowane yanki yake riƙe da wani, saboda haka dole mai wannan yanki ya san abin da mai wancan yake ciki. In mutum biyu ne, hanyar magana ɗaya ce tsakaninsu. In goma ne, hanyoyi 45. In hamsin ne, 1,225. Mutum 150 ɗin nan da Brooks ya ba aiki kuwa, hanyoyin da ke tsakaninsu 11,175 ne. Hannuwa suna ƙaruwa ɗaya-ɗaya, bakuna suna ƙaruwa ninki-ba-ninki. Bugu da ƙari, duk sabon da aka kawo sai wani tsohon hannu ya ajiye aikinsa ya koya masa, a sake raba aikin, sabon kuma ya yi kurakuran da baƙo kan yi. Daga nan ya fitar da ƙa'idar da yanzu ake kira dokar Brooks, cewa in aikin manhaja ya riga ya makara, ƙara masa ma'aikata ƙara masa makara ne. Mu da muke cewa sauri ya haifi nawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba.

Maganin da ya kawo shi ne fasalin aiki ya fito daga kai ɗaya, ko kawuna ƙalilan da suka fahimci juna, sauran su taimaka wajen aiwatarwa. Ya ɗauko shawarar wani abokin aikinsa, Harlan Mills, cewa a tsara ma'aikata kamar ɗakin tiyata, likita ɗaya ke riƙe da wuƙa, sauran kowa da abin da yake miƙa masa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne makaɗan fada irin su Narambaɗa. Ga 'yan amshi, ga masu kotso, ga sanƙira, kowa da muhimmancinsa, amma zaren waƙar a hannun mutum guda yake, in kowane ɗan amshi ya ce sai ya saka nasa ɗiyan waƙa yadda ya ga dama, an tashi daga waƙa an koma hayaniya. Ya kuma ba da wani rabon lokaci da ya ba mutane mamaki: sulusin lokaci a tsara aiki, rabi a gwaji da gyaran kurakurai, shi ainihin rubutun manhajar kuwa sudusi kaɗai.

Ba kowa ya yarda da shi ba, ni ma ina da 'yar tababa a wani wuri. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, dubban 'yan sa-kai ne suka gina ta ta intanet, kuma a 1997 wani marubuci, Eric Raymond, ya kafa hujja da ita cewa taron jama'a yana saurin gano kuskure fiye da ƙwararru ƙalilan. Wannan gaskiya ne, neman kuskure aiki ne da ke rabuwa kamar yankan shinkafa. Sai dai ko a can ɗin, akwai mutum guda da 'yan majalisarsa da ke da ta cewa a kan abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Gayya ce, amma mai gona yana tsaye. Wannan ya sa nake tunanin halin da ƙirƙirar kalmomin kimiyya take ciki a Hausa. Gidan rediyo kaza ya ce kwamfuta, wancan ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, wani ya ce intanet, wani ya ce yanar gizo, kowane kwamiti da nasa jerin. Hannuwa ba su yi mana kaɗan ba, mai riƙe zaren ne ba a tsayar ba.

Rayuwarsa ta malanta ta fi ta injiniya tsawo nesa ba kusa ba, shekara tara a IBM, fiye da hamsin a jami'a. Ya shugabanci sashen da ya kafa shekara 20, har 1984. Abin da yake yawan cusa wa ɗalibansa shi ne masanin kwamfuta maƙeri ne, darajar aikinsa tana ga mai amfani da kayan da ya ƙera, kamar yadda ba a yabon garma a maƙera sai a gona. Shi ya sa ya sa ɗalibansa suka yi shekaru suna aiki da masana sinadarai, suna ƙera musu na'urorin da za su nuna surar ƙwayoyin furotin a ga kowane gefe, da kuma waɗanda mutum zai sa a ido ya zagaya cikin ginin da ba a riga an gina ba.

A 1986 ya rubuta wata muƙala mai suna No Silver Bullet. Turawa suna da camfin mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, kamar yadda ake ba da labarin masu rikiɗa su zama kura a wajenmu, wai ba abin da ke kashe shi sai harsashin azurfa. Abin da Brooks yake nufi shi ne babu sha-yanzu-magani-yanzu a harkar manhaja. Ya raba wahalar gida biyu. Akwai wadda rashin kyawun kayan aiki ke jawowa, wannan ana rage ta kullum. Akwai kuma wadda ke cikin ƙashin aikin, watau sanin ainihin abin da ake so a gina da yadda sassansa za su dace da juna, wannan kuwa ba na'urar da za ta ɗauke wa mutum. Ya yi hasashen cewa cikin shekara goma ba wata dabara guda da za ta ninka yawan aiki sau goma, ya kuma lissafa dabarun da ake yayi a lokacin ɗaya bayan ɗaya, har da ƙirƙirarriyar basira, ya ce ba ya ganin harsashin a cikinsu.

Da littafinsa ya cika shekara 20, a 1995, aka sake buga shi da ƙarin babi, a ciki kuwa ya yi abin da ba kasafai manyan malamai kan yi ba. Ya bi maganganunsa na da, ya nuna waɗanda suka tabbata, ya janye waɗanda suka rushe. A bugun farko ya ce a shirya zubar da ginin farko na kowace manhaja a sake wani. Yanzu ya ce a'a, gara a fara da ƙarama mai aiki a riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan ana gwadawa. A da kuma ya soki ra'ayin wani masani, David Parnas, wanda ya ce kowane ma'aikaci a ɓoye masa cikin yankin da ba nasa ba, a nuna masa ƙofar shiga kawai. Yanzu ya rubuta ƙarara cewa Parnas ne mai gaskiya. In aka lura, shawarar Parnas ita ce ke rage hanyoyin maganar nan da suka kai dubbai.

Ya sami lambar girma ta fasaha ta ƙasar Amurka a 1985 tare da Bob Evans da Erich Bloch, sa'an nan a 1999 aka ba shi lambar Turing, wadda ita ce mafi daraja a fagen kwamfuta. Ya fitar da wani babban littafi kan fasalin kwamfutoci tare da tsohon abokinsa Blaauw a 1997, da wani kan sana'ar zayyana ita kanta, The Design of Design, a 2010. Ya yi ritaya a 2015. Ya mutu a Chapel Hill ran 17 ga Nuwamba, 2022, yana da shekara 91. Kwana 13 bayan mutuwarsa aka saki ChatGPT, manhajar da ake ba umarni da maganar yau da kullum ta rubuto wata manhajar, nan da nan kuwa masana suka sake kakkaɓo muƙalarsa ta 1986 suka shiga gardama a kan ko wace daga cikin wahalhalun nan biyu sabuwar na'urar ta ɗauke.